Tafiyar Brazil Da Baba Bai Yi Ba

Wata Asabar a tsakiyar damina, ina aji huɗu na firamare, Baba ya dawo daga masana'antar jimar fata da yake aiki a Challawa, ko kekensa bai jingine ba ya ce da Inna, "An zaɓe ni, za a tura ni Brazil koyon sabon inji." Ina tsugune bakin rijiya ina wanke-wanke, kwano ya suɓuce mini ya faɗa taɓo. Kafin a tashi tara ranar Litinin duk ajinmu sun ji, muna carafke a gindin darbejiya ina ba su labarin ƙasar da ban san ko gabas take ko yamma ba.

Baba yana da amini, Kawu Isa. Tare suka baro ƙauye, tare suke aiki, kuma in sun tashi aikin safe a gidanmu na Zawaciki yake cin abinci. Shi yake ɗinke mini takalmin makaranta da guntun fata. A lokacin idon Baba ya fara dishi-dishi, ni nake karanta masa takardun tafiya a ɗaki, ya kuma ja mini kunne kada kowa ya ji, in ya dawo zai je asibiti. Wata la'asar ina watsa wa kaji tsaba, Kawu ya tsuguna kusa da ni yana fere mini rake, ya ce, "Uwata, me ya sa ke kike yi wa babanki karatu?" Na gaya masa duka. A wurina Kawu ba bare ba ne.

Mako bai zagayo ba manaja ya kira Baba ofis, ya miƙa masa takarda ya ce ya karanta, Baba ya kasa. Aka soke sunansa, aka sa na Kawu.

Bayan wata uku Kawu ya dawo, ya zauna a tabarmarsa ta kullum yana zuba labari. Ya ga ruwa yana zubowa daga kan duwatsu da rugugin da ba ka jin maganar na kusa da kai, ya ga aku ja da shuɗi suna yawo kamar tattabaru, ya ci baƙin wake da nama a kan shinkafa, ya ga mata cikin fararen kaya suna tuyar ƙosai da manja a bakin titi. Baba yana gyaɗa kai, har da tambayarsa ko akwai masallaci. Ni kuwa na ƙi karɓar tsarabata. Da ya tafi na durƙusa gaban Baba ina kuka, na ce ni na faɗa. Ya dafa kaina ya ce, "Na sani, Hauwa. Ba ke kika ci amana ba, taki aka ci."

Yau masana'antar a rufe take, ciyawa ta cinye ƙofarta, yarana kuma suna kallon Brazil a waya in sun ga dama. Bara Kawu ya rasu, Baba da ba ya gani gaba ɗaya ya sa na riƙe masa hannu har gidan makoki, ya zauna yana yi masa addu'a da hawaye. Shi ya daɗe da yafewa. Ni har yanzu ƙoƙari nake.