Fiyus ɗin Sabi'u Yana Aljihunsa

Shekara tara ke nan da wutar lantarki ta kashe ƙanena Sabi'u a unguwar Fegge ta Onitsha, kuma har yau zuciyata ba ta huce ba.

Sana'arsa sa wa tukwane hita, ƙarfen nan mai tafasa ruwa da lantarki. Ya huda gindin tukunya, ya zura ƙarfen, ya ɗaure da roba don kada ruwa ya zuba, ya ja waya. Masu tuwo da masu shayi na Onitsha duk sun san shi. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya taɓa waya sai ya cire fiyus ɗin gida ya jefa a aljihu.

Wani ɗan unguwarmu, wanda muke sahu ɗaya da shi a masallaci, ya kira shi aikin babbar tukunya, wai ta zoɓo. Ashe giya yake dafawa a ɗakin baya, kuma ya ja wa ɗakin wayar sata da ba ta bi ta mita ba. Bai faɗa masa ba. Sabi'u ya cire fiyus, ya kama waya hankali kwance.

Ni na yi masa wanka, ni na ciro fiyus ɗin daga wandonsa. Amma kafin mu dawo daga maƙabarta mutumin ya baza cewa a buge yaron ya zo. Sabi'un da ko sigari bai taɓa sha ba! 'Yarsa ta girma tana jin ana nuna ta da baki.

Da yana raye, da ya sha dariyar tukwanen yanzu masu kashe kansu idan sun tafasa. Da kuma ya ce mini, "Yaya, bar shi da Allah." Haka yake, ni ba haka nake ba.

Bana ciwo ya kwantar da mutumin. Ya aiko dattawa rumfata ta albasa a kasuwar Ose Okwodu, wai in yafe. Na shimfiɗa musu tabarma, muka gaisa, na ce, "Baba, a ɗauko shi zuwa masallaci ranar Juma'a, ya faɗa wa jama'a abin da ke cikin tukunyar da inda wayar ta bi."

Suka ce ai wannan tonon asiri ne, ga shi da iyali.

Sabi'u ma yana da iyali, kuma sunan kirki kaɗai ya bar musu. In mutumin ya mutu bai mayar masa da sunan ba, zan bi gawarsa har kabari, in tsaya a gaban 'ya'yansa in faɗa da bakina.