Kofin da Yaya Ya So Saukowa da Shi Daga Sama

A unguwarmu ta Ka'akiyya da ke Makka, duk hutun makaranta akan yi gasar ƙwallo tsakanin layuka, a wani fili mai tsakuwa da ke bayan gareji. Ranar wasan ƙarshe ita ce babbar rana. A jera kujerun haya, a kafa lasifika, a gayyato umda, wato mai unguwa, ya miƙa wa zakaru kofi. A shekarar da nake ba da labari, yayana ne shugaban kwamitin gasar, ni kuma ina cikin kwamitin don kawai ni ƙaninsa ne kuma ina da mota.

Yaya direban bas ne. Lokacin Hajji yana jigilar alhazai tsakanin Mina da Arfa, sauran watanni ya kai ma'aikata Jidda. Mutum ne mai jiki, ya haura hamsin, ba ya iya sa safa sai ya zauna ya huta tukuna. Surukinsa ne ya jawo mana, da ya kai shi yawon buɗe ido wata ƙasa, ya biya masa dira da laima. Aka ɗaure shi a ƙirjin wani Bature, suka faɗo daga jirgi tare. A bidiyon, idonsa a rufe yake tun daga sama har ƙasa, bakinsa yana ta kalmar shahada. Amma da ya dawo gida cewa ya yi bai taɓa ganin duniya sosai ba sai ranar.

Muna shan shayi a taron kwamiti ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Bana ba a kan tebur za a ɗauki kofin gasa ba. Daga sama zan sauko da shi."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya dube ni ya ce gobe in kai shi wajen umda.

Umda ya saurare mu, ya ce shi ikonsa a ƙasa yake, mu je wajen 'yan sanda. 'Yan sanda suka kira juna daga ofis zuwa ofis don kowa ya ji da kunnensa, sannan suka ce mu nufi masu kula da harkar jiragen sama a Jidda. A can muka sami wani matashin ma'aikaci mai haƙuri, ya sa aka kawo mana gahawa, ya bar Yaya ya nuna masa bidiyon har ƙarshe.

"Ya ammi," in ji shi, wato baffana, "sararin Makka ba a shigarsa sai da izini na musamman, kuma ba don ƙwallo ake bayarwa ba. Ko a wani gari ne, wanda zai dira cikin taro sai mai lasisi, wanda ya yi dira ɗaruruwa shi kaɗai. Kai sau nawa ka yi?"

"Sau ɗaya. Amma daga nesa ƙwarai."

"Kai kaɗai?"

"Da Bature. Sai in kira shi ya zo."

Na taɓa gwiwarsa na ce masa da Hausa, "Yaya, mutumin nan ba Musulmi ba ne. Ta ƙasa ma ba ya shiga Makka, balle ta sama."

Yaya ya ce wannan gaskiya ne, to zai zo shi kaɗai.

Ma'aikacin ya ci gaba, ina jin don ya kashe maganar gaba ɗaya. Ya ce dole wurin sauka ya zama fili fetal, babu wayar lantarki, babu kowa a ciki. Jama'a su tsaya nesa a bayan igiya. A kafa abin da zai nuna inda iska ta dosa. Motar asibiti ta tsaya a wurin tun kafin a fara. A sami laima ta biyu ko ta farko za ta ƙi buɗewa, a kuma yi inshora saboda mutanen ƙasa. Kofin ma, in ji shi, sai an ɗaure shi tam a jikin mai dira, domin in ya suɓuce daga can sama, wanda ya faɗo wa a ka ba zai ga wasan baɗi ba.

Muna fitowa Yaya ya dafa kafaɗata, fuskarsa cike da murna. "Ka ji ko? Bai ce a'a ba."

"Yaya, ya ce mamnu'i. An hana."

"Ya ce sai da sharaɗi. Sharaɗi kuwa cika shi ake yi."

Daga ranar ya shiga cikawa. Ya bi gidajen da ke kewaye da filin ya roƙi mata su kwance igiyoyin shanya. Ya yanke ƙafar tsohon wandonsa ya ɗaura a kan sanda don nuna iska, duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya tambaya ina sauran wandon. Ya shawo kan wani maƙwabcinmu mai tuƙa motar wani ƙaramin asibiti ya yi alkawarin zuwa. Maganar laima ce ta ba shi wuya. Ya je wajen wani tela mai gyaran tantuna, telan ya saurare shi ya ce, "Alhaji, mu aikinmu shi ne mu hana yadi tashi sama." Har wajen liman ya je ya tambaya ko mai shigowa Makka ta sama sai ya ɗaura harami. Liman ya ce in ba umara ya nufa ba babu komai, amma ya roƙe shi ya bar wasiyya.

Saura dira ɗaruruwa. Yaya ya ce ma'aikacin bai faɗi daga ina za a dira ba. Saboda haka kullum bayan karin kumallo sai ya tara katifun gidan a tsakar gida, ya hau katanga da tsani, ya ce bismillahi, ya faɗo. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kallo. Ita ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, sai dai ta juyo gare ni.

"Ka gaya wa wancan, kakansa da ƙafa ya zo garin nan daga Kano, bai taɓa cewa zai faɗo wa kowa a ka ba."

Na gaya masa ko da yake yana ji. Na kuma tambaye shi jirgin fa, wa zai ba mu? Ya ce jirgi shi ne abu na ƙarshe, in daina gaggawa.

Ranar wasan ta zo, babu izini, babu laima, babu jirgi. Na ɗauka shi ke nan. Amma da safe Yaya ya sa aka zana ƙatuwar da'ira da farar ƙasa a tsakiyar filin, ya ce babu wanda zai taka ta. Ya umarce ni in kwashe katifun gida in shimfiɗa a ciki. Igiya kuwa can jikin bangon gareji aka ja ta, 'yan kallo suka koma bayanta nesa da wasan, har umda ya riƙa tambayar wane layi ne masu jar riga. Haka aka buga wasan bayan la'asar, 'yan wasa suna zagaye da'irar kamar masu gudun rijiya. In ƙwallo ta faɗa ciki sai a tsaya, alƙalin wasa ya jawo ta da doguwar gora. Rabin 'yan kallo ma ba wasan suke kallo ba, sama suke kallo. Tantabara ta gitta aka yi ta sowa.

Ana dab da tashi wayata ta yi ƙara. Inna ce. Ta ce wancan ya ce katanga ta yi masa gajarta, ya hau rufin kicin don gwaji na ƙarshe, ya manta cewa shi da bakinsa ya ce a kwashe katifun.

Na shiga motar asibitin muka tafi. Muka same shi kwance a tsakar gida, idon sawunsa ya kumbura kamar tulu, kofin yana ɗaure a ƙirjinsa da igiyar ɗaure kayan alhazai. Direban ya ce asibiti kai tsaye. Yaya ya riƙe hannunsa ya ce wallahi sai an bi ta fili, jama'a na jira.

Da jiniya muka shiga. Motar ta tsaya a tsakiyar da'ira, muka sauko da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, mu huɗu muna nishi. Mai lasifika ya rasa abin faɗa, sai ya ce, "Jama'a, shugaba ya sauka!" Aka tsallake igiya aka yo kanmu.

Umda ya zo miƙa kofi, kofi ya ƙi fita. Ɗaurin direban bas ne, irin wanda ake yi wa jakunkuna a saman mota. Umda ya ja, kyaftin ɗin zakaru ya ja, Yaya ya yi ƙara. Aka nemi wuƙa, direban motar asibiti ya ce ba mai kusantar majinyacinsa da wuƙa. Sai umda ya kama kunnen kofin ɗaya, kyaftin ya kama ɗaya, aka ɗauki hoto da Yaya kwance a tsakani yana haƙuri da zafi. Muka mayar da shi mota, zakarun suka biyo mu a guje suna waƙa, don kofinsu ne ke tafiya.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta sa almakashi ta datse igiyar ba tare da ta tambayi komai ba, ta miƙa mini kofin. Na kai wa kyaftin a baranda, inda suka cika wurin da warin gumi har mai gadi ya kore su. Likita ya ce ƙashi ya tsage, aka sa filasta, aka hana Yaya tuƙi har bayan Hajjin shekarar. Da magariba Inna ta iso da kwanon tuwo, ta zauna a gefen gadon, ta buɗe masa, ta ce mini in gaya masa ya ci tun da zafi, kuma in koma fili in kwaso mata katifunta kafin awaki su hau.