Zanar da Muka Kafa a Tsakiyar Aji

Shekarun baya, can baya, tun Turawa ba su gama naɗe kayansu ba, ni ma na taɓa zama ɗalibi da gemuna. Na faɗi haka ne saboda jikokina da ke shigowa da manyan takardu suna min kallon wanda bai taɓa ganin alli ba. To, a gyara zama. Na shiga elementare, ban dai ƙarasa ba, mahaifina ya ce bokon ya isa haka, gona na jira. Don haka in ana lissafin masu ilimi a sa ni a rabi, amma rabin sama.

Aikina a lokacin bin malamin dabbobi ne. Mu tashi daga Ƙanƙara mu nufi Faskari, mu zarce rugagen wajen Sabuwa ana yi wa shanu allura. Shi ke riƙe allura, ni ke kayar da sa. Har yau akwai wani wuri a cinyata da ke sanar da ni in hadari ya haɗu, kyautar wani bijimi ce a Tafoki.

Sai aka buɗe ajin manya a Ƙanƙara, na waɗanda suka ɗan iya haɗa baƙi, ana zama bayan La'asar. Malamin dabbobi ya ce in na samu takardar wannan aji zai tura ni kwas, in dawo da allura a hannuna. Ranar ko tuwo ban ci da kyau ba don murna.

Ranar farko na je da wuri, na kama bencin gaba ina ta gyara hula. Sai na ji sallama a bakin ƙofa, da muryar da zan gane ko ina barci. Surukina ne, mahaifin mai ɗakina, babban dillalin shanu a kasuwarmu. Ajami ba a nuna masa, amma takardun fitar da shanu da boko suke zuwa, ya gaji da neman mai karanta masa. Malaminmu, wani saurayi mai kirki da aka turo daga Katsina, ya nuna masa wurin zama. Ina? Kusa da ni.

Ku 'yan yanzu da ke cin abinci kwano ɗaya da surukanku ba za ku gane ba. Mutumin nan in na hango shi a hanya, takalmi nake cirewa in durƙusa tun daga nesa, in da hali ma in sake hanya. Ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Yau ga gwiwata na gogar tasa.

Malam ya yi rubutu a allo, ya ce surukina ya karanta. Ya fara, ya kai tsakiya, ya cije. Sai malam ya juyo gare ni. Na san abin nan kamar sunana. Amma in buɗe baki in gyara wa wanda ya ba ni 'ya, a gaban jama'a? Na sunkuyar da kai na ce, "Malam, ni ma ya shige min duhu."

Ashe ba ni kaɗai ba ne. Gari ƙarami, kowa 'yar wani ya aura. Dattawa ba sa son yin kuskure a gaban waɗanda suka ba 'ya'ya, mu kuma ba ma iya yin daidai a gabansu. Aji ya zama kamar zaman makoki. Daga nan aka fara zamewa. Wannan ya aiko jakinsa ya ɓata, wancan ciwon baya. Ba wanda ya gaya wa malam gaskiya, don ita kanta maganar ba ta faɗuwa. Shi kuwa bawan Allah ya ɗauka karatun ne ya yi mana tsauri, ya mai da mu a, ba, ca kamar 'yan aji ɗaya. 'Yan kaɗan da suka rage ma suka ji haushi suka daina zuwa.

Wata ranar kasuwa na tarar da malam zaune shi kaɗai a ƙofar ajin. Ya ce, "Mai duba makarantu zai zo bayan girbi. In ya iske benci ba kowa, rufewa zai yi a kai ajin wani gari."

Nan take na hango kaina ina kokawa da bijimai har furfura.

Na ce, "Malam, zan faɗa maka wata magana, amma ba daga bakina ka ji ba." Na kwashe duka na gaya masa.

Ya ce, "Mu an koya mana cewa a aji kowa ɗalibi ne."

Na ce, "Gaskiya ne, Malam. Amma in an tashi kai ɗakinka za ka tahi, ni kuwa 'yarshi zan iske a gida."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "To mi za a yi? Ba ni da ikon yin aji biyu."

Na ce, "Aji ɗaya ya isa. Zana kawai muke so."

Abokina, wani Bamaguje daga wajen Ketare da muke ajin tare, shi ya saƙa ta. Yana saƙa yana tsokanata: "Nawa surukin shina ƙauye, shi ya sa nake cinye ku a lissafi. Wagga zana in matse ta, ko in bar maka 'yar kafa ta leƙe?"

Na ce, "Matse ta, ko sauro kada ya wuce."

Muka kafa ta tun daga bangon baya har kusa da allo. Dattawa a dama, mu a hagu. Kowa na ganin malam, kowa na ganin allo, ba mai ganin wani. Murya dai tana tsallakewa, amma duk mun yarda ba wanda ya san muryar wani. Mutum ɗaya ne ya ba mu wahala, wani maɗinki daga Yargoje: mahaifin matarsa na dama, mijin 'yarsa na hagu. Shi a waje ya shimfiɗa buzunsa, ta taga yake karatu.

Malam ma ya sake salo. Ya ce kowa ya zo da abin da ke ba shi wahala a sana'arsa. Wannan ya kawo kwalbar magani, wancan takardar awon auduga, a kansu muke karatu da lissafi. Kafin a yanke gero, benci ya gaza, har da masu zuwa da tabarmarsu.

Da mai duba makarantu ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon zana. Ya ce, "Malam, mata ne a wancan gefen?"

Kafin malam ya amsa, muryar nan da na yarda ban sani ba ta ce, "Ranka ya daɗe, iyayen matan ne."

Ya leƙa ya ga rawuna jere. Ya zari alli ya cika allo da rubutu, ya ce dattijon da ya yi magana ya karanta. Muryar nan ta kama tun daga sama, a hankali, kamar mai tsallaka rafi, ba ta tsaya ba sai ƙasa. Gefenmu aka yi tsit, don tafi ma rashin kunya ne. Ni dai na matse hannun abokina har ya ce, "Kai, ni ba sa ba ne!"

Ba a rufe ajin ba. Na samu takardata, na tafi kwas, na dawo da allura da wata jaka mai maɗauri da nake rataya ko masallaci za ni.

Ranar da muka fara allura a Ƙanƙara, surukina ya kawo bijiminsa da kansa. Bai dube ni ba, ni ma ban ɗago ba. Ya dafa tozon san ya ce da shi, "Tsaya da kyau, kai. Malami ne zai yi maka."

An yabe ni a wurare da yawa bayan nan, har da a rubuce. Babu wanda ya kai wannan da aka aiko min ta hannun bijimi.

Yanzu ina ji an ce jami'o'i na buɗe karatun ma'aikata da magidanta, wai kuma sai a fara a ga kujeru sun koma wayam. To ga shawara daga rabin malami, kyauta. Babba ba ya ajiye girmansa a bakin ƙofa kamar takalmi. Da shi yake shigowa, da sana'arsa, da iyalinsa, da wanda yake jin nauyi. In ya daina zuwa, kada ku yi saurin cewa kansa ne bai ɗauka ba, har ku mai da shi a, ba, ca. Ku same shi ranar kasuwa ku tambaye shi a hankali. Namu ajin ba sabon gini ya cece shi ba, ciyawa ce dami biyu. Ku ma ku bincika, wataƙila zana kawai ake jira.