Kwalba Mai Jan Layi

Mai sayar da man girki ta tsani mutumin nan tun bai buɗe baki ba. Ga shi tsaye gaban teburinta, riga ta sha guga, takalmi sai ƙyalli yake. Matarsa tana bayansa da goyo, kwandon cefane a hannu, idonta a ƙasa.

Kwalbar da ya miƙo an yi mata layi-layi da jan farce, tun daga wuya har gindi.

"Kowane layi girkin kwana ɗaya ne," yake gaya wa mai man, kamar an tambaye shi. "Albashi ɗaya ke riƙe da gidan. In na sakar mata, wanka za ta yi da shi."

Matar tana ta gyara goyon da bai kwance ba.

Ba ya bari a cire mazurari sai ɗigon ƙarshe ya sauka. Mai man tana kallonsa tana ayyana gidan a ranta: sukari a kulle, mabuɗi a aljihunsa, baiwar Allah tana tsiyaya mai gabanta na faɗuwa, shi kuwa ya dawo ya ɗaga kwalba saitin taga.

Ya sunkuyo ya ga ko an cika layin sama. Sai ƙanshin gasasshen nama ya bugi hancinta, ga maiƙo a gashin bakinsa.

Ta miƙa masa tsumma.

"Maigida, goge bakinka. Wannan na leɓenka kaɗai ya kai layi biyu."