Gatarin Chékaraou

Shekarun da kuɗin fetur ya fara kwarara, samarin Ghuddwa suka watse, wasu kamfani, wasu ofis a Sabha. Aka bar tsofaffi da dabino, ga kwalta sabuwa, ga injin ban ruwa, amma babu mai hawa sama. A haka Chékaraou, mutumin Tasawa, ya iso garin. Wani dattijo, Haj Milad, ya ɗauko shi daga bakin titin Jadid, inda baƙi ke jiran aiki, ya damƙa masa lambunsa.

Ni ban taɓa ganin mutum mai tsanar zaman banza kamarsa ba. Ko akuya ya gani kwance sai ya harare ta. Tun lokacin girbi ya sa wa wani dogon dabino ido: kowa ya yi 'ya'ya, shi ko ƙwaya, sai shan ruwa. A garinsu kuwa, namijin giginya shi ake sarewa a yi azara. Ranar da Haj ya tafi biki Tamanhint, Chékaraou ya wasa gatari, ya kayar da dabinon, ya tsaga, ya yi wa awaki rumfa mai kyau.

Haj ya dawo, ya dubi rumfa, ya dubi kututture, ya zauna a ƙasa.

"Ya Haj, mi na yi? Ragon nan ne na raba ka da shi."

"Ɗana," in ji Haj, "mijinsu ne. Shi kaɗai gare su, su tamanin."

Sai a ranar ya ji cewa da hannu ake ɗaukar furen namiji a ɗaura cikin na mata, ga shi kuma matan sun fara buɗewa. In aka wuce kwanakin, amfanin shekara ya tafi, aikinsa ma ya tafi. Kunya ta kama shi, har ya fara ɗaure kayansa.

Haj ya miƙa masa kwando. "A Ghuddwa ba a sayar da furen nan, ba a kuma hana shi. Amma wanda ya sare, shi zai roƙo."

Ya bi gida-gida. Kowa sai ya sa shi ya maimaita labarin, a yi dariya har da hawaye, a ba shi shayi, sannan a ba shi fure. Wata tsohuwa sau biyu ta sa ya faɗa, wai kunnenta. Kwana goma yana hawa yana sauka, ƙaya ta yi masa zane ko'ina. Da kaka ta zo, sai da aka tallafe nonnan dabinon da igiya.

Ya raini ɗan tsiron da ya rage a gindin kututturen har ya girma, yau rabin unguwa a nan take ɗibar fure. Shekara talatin ya yi a garin, ya kawo matarsa Saoudé, ana kiransa sasanta rigimar ruwa, ana ba shi ajiyar makullin gida. Amma har ya tsufa, ba wanda ya yarda ya ba shi aron gatari.