Rawar Moton Sallau a Hanyar Ibohaman

Ku matso, ƴan uwa, ku gyara zama, yau mai gadin murhu ce za ta ba ku labarin hanya. Ni Dije, da ko kasuwar Madawa sai an yi mini magiya nake zuwa, ni ce na ratsa duwatsun Adar bisa moto, wato babur, moton kuma yana rawa ba makaɗi.

Ɗiyata ta fari ce dalili, wadda bakina ba ya kiran sunanta. Tana aure a Ibohaman. Mun shirya za ta zo gida ta haihu, sai haihuwa ta riga mu. Ana jibi suna ta kira ni a waya, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Inna, kunun kanwarsu ba irin naki ba ne." Ba ta ce in zo ba. Amma ai ina da kunne.

Madawa

Ana gobe suna, da aka sallame asuba, sai ga Sallau ƙofar gida. Taubashina ne, ɗan gwaggona, ɗan kabu-kabu mai furfura da baki kamar reza. Ya ɗaure tukunyar wanka da kanwa da yaji da garin kunu a ƙarfen baya, ya dube ni sama da ƙasa.

"Dije, ke da kayanki wa ya hi nauyi?"

"Ja mu tahi, bawa ba ya tambayar uwargijiya."

Muna hawa kwalta ya ƙara wuta, sai tayar gaba ta fara kaɗa kai, kamar akuyar da ba ta son igiya. Na damƙe rigarsa ina salati. Ya ce ba komai, iska ce ta rage. A Madawa muka tsaya gidansa, aka sauke kaya inuwa, mai faci ya matsa taya da yatsa, ya ba ta iska, ya hau moton ya kewaya unguwa ya dawo. "Lahiya lau!" Za mu tashi matar Sallau ta jawo buhun albasa. "Mutumin Madawa ya tahi suna ba albasa? A yi mini dariya?" Aka ɗora bisa tukunya.

Buza

Iskar da aka sa kamar tsimi aka ba moton. Da can kai kawai yake kaɗawa, yanzu har da kafaɗa. A shingen shiga Buza wani jandarma ya tare mu, yana cije dariya.

"Baba, kai ka rawa ko moton?"

"Wagga tsohuwa ta baya ka rawa, ranka shi daɗe," in ji Sallau.

Na ce, "Ɗana, kama shi ka kulle, ni na yahe maka shi." Ya duba takardu, da ya ji suna za mu ya ce Allah ya raya jariri.

Gidan Inna Amo, ƙanwar mahaifiyata, muka sauka. Ta rungume ni tana kuka tana zagi, wai sai jika ya fito da ni daga ɗaki. Yara suka kwance kaya, aka kira makanike. Shi kuwa ya tsuguna gaban taya, ya ɗauki ƙarfe yana ƙwanƙwasa wayoyin nan na cikinta, waɗanda suke ce wa reyo, ɗaya bayan ɗaya. Tin, tin, tin, sai na ji kwas. Daga kan tabarma na ce, "Waccan ta fashe!" Ai haka muke gwada ƙwarya a kasuwa. Ya ce ba fashewa ba ce, sakewa ta yi, ya ɗaure ta da ƴan uwanta biyu. Ya hau, ya je har bakin kasuwa ya dawo, yana sakin hannu ɗaya don mu gani.

Muka sha fura mai sanyi har na ji barci na leƙo ni. Da muka fito, rabin buhun dawa na jiranmu. Sallau ya buɗe baki, Inna Amo ta ce, "Rufe. Maijego za ta sha kunu, ba kai ba." Wa ya isa ya mayar da kyautar uwa?

Keita

Hanyar Keita kuwa, Allah ya kiyaye. Hawa, gangara, tsakuwa. Ƙahon moto yana fizgar hannun Sallau hagu da dama, haƙorana suna kaɗawa, kallabina ya yi nasa wuri har sai da muka koma ɗauko shi. Ina ta dariya, ban san ko ta tsoro ce ba.

Bayan azahar muka isa wurin yayata Hauwa, da ke aure can. Aka sake sauke kaya. Makaniken Keita dattijo ne marar magana. Ya sa aka ɗaga gaban moton, ya kama taya da hannu biyu ya girgiza ta gefe da gefe, ya juya ta yana saurare. Sannan ya karkata ƙaho dama da hagu, ya ce rulma ta wuya ta ci, wato ƴan ƙwallayen ƙarfen da ƙaho ke juyawa a kansu. Ya canza, ya shafa maiƙo, ya hau ya gwada. Santsi kamar man shanu.

Yaya Hauwa kuma ta mirgino sabon turmi. "Na dakan yaji ne. Kada ɗiyarmu ta riƙa aro gidan miji."

Nan fuskar Sallau ta canza, wasa ya fita. "Dije, saura duwatsu. In ya sake rawa, wallahi ba ni kai ki. Gara ki rasa suna da in kai gawa." Na haye bayansa. Muryar yarinyar nan kawai nake ji cikin kunnena.

Gindin wani dutse

Ba mu yi nisa ba moton ya sake rawa, wannan karon har da tsalle. Sallau ya tsaya a kan hawa, rana ta yi sanyi. "Kada ki motsa, in duba tayag ga. Daga nan sai komawa."

Yana ɗaga jikinsa daga kujera, gaban moton ya tashi sama kamar jakin da ya ga maciji. Ni kuwa sai ga ni kwance bisa albasa, ƙafafu suna gaida sama, turmi ya kama gangara yana gudu, tukunya na bin sa da ƙara. Tayar gaba tana can bisa iska tana juyawa, sumul, ko karkata babu.

Sallau ya tsaya yana kallonta. Can ya dafe kai.

"Dije, tun sahe muna duban gaba, ashe ciwon na baya! Duk wanda ya gwada shi, ba kaya ya gwada shi. Kun danne bayan, taya ba ta samun ƙasa, mi zai hana ta rawa?"

"To ɗaga ni tukuna, malamin taya!"

Dariya ta hana shi. Sai da ya zauna a ƙasa, ni ma hawaye har wuya. Da muka nutsu ya ce a bar turmi da albasa nan, mai rabo ya ɗauka. Na ce sai dai shi Sallau a bar shi nan. Me zan gaya wa Yaya Hauwa? Muka yi dabarar masu jakai: dawa ta koma kan tanki, albasa aka raba biyu kamar mangala aka rataya tsakiya, na matsa gaba na rungume turmi yana tokare bayan Sallau. Ya tashi moto sannu a hankali. Na kasa kunne, na jira. Shiru. Taya ta miƙe kamar an ja zare. Na rangaɗa guɗa har awaki suka watse.

Ibohaman

Ana kiran magariba muka shiga. Ɗiyata tana zaune bakin gado, ta rame, idanu sun faɗa. Ga surukai cike da ɗaki, ga kunyar ɗiyar fari. Na kau da kai na ce, "Ke, an sauka lahiya?" Ta ce, "Lahiya, Inna," murya na rawa fiye da moton. Na karɓi jariri. "Wanga ne angon nawa? Ko haƙori babu, ya sa na faɗi bisa albasa?" Sai na fita na hura wuta. Ta shanye kunun ƙwarya guda, ta lashe ludayi, ba wadda ta dubi wata.

Na yi arba'in ɗina cif. Ranar komawa surukai suka ba ni ɗan akuya, Sallau ya ɗaure shi gaba da hannunsa, yana cewa ko kaza ce ba ta hawa baya. La'asar ta yi mana a gida. Na gode wa Allah, na gode wa masu kyauta, har shi bawan nawa.

Yanzu ku gaya mini tsakani da Allah: da ku ne a gindin dutsen nan, kyautar wa za ku iya bari a hanya?