Na Sunkuyar da Kai a Aldwych

Kamfanin da nake wa aiki na Ostireliya ne, mu reshen London ne kawai, hawa na huɗu a wani gini a Aldwych. Zanen hanyoyi da bututun ruwa muke yi wa masu haƙar ma'adinai. Ban taɓa taka Ostireliya ba, a kwamfuta na san jar ƙasarsu.

Bara, kujerar team lead, wato shugaban ma'aikata, ta buɗe a sashenmu. Mu biyu ake dubawa, ni da wani Bature da na riga shi zuwa kamfanin. Manajarmu, ita ma Baturiya, ta ce kafin a yanke sai mun yi wani training da hedikwata ta wajabta wa duk mai neman shugabanci. Kan sulhu ne da Aborijin, wato 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar suka ƙwace musu ƙasa, har da 'ya'ya. Ta ce za ta zauna a ciki ta ga kamun ludayin kowa. Ina son kujerar nan, ba zan ɓoye ba. Na gaji da in yi aiki wani ya miƙe ya gabatar.

Saboda bambancin lokaci, da sassafe aka sa. Ina idar da asuba na kama jirgin ƙasa na District line daga Barking, na sauka Temple, na haura a ƙafa, ko shayi ban sha ba.

Wata mata daga hedikwata ta fara, ta bidiyo, da slides ɗinta, wato shafukan bayani a kan allo. Ta ce a wajen da yawa daga cikin Aborijin, kallon babba cikin ido rashin kunya ne. In dattijo ya yi shiru, kar ka cike masa shirun, ka jira. Kar ka fara da abin da ya kawo ka, fara da gaisuwa, a san kai ɗan waye. Abokan aikina sai rubutawa suke, ana ta jinjina kai. Ni kuwa dariya ta kusa kufce min. Abin da aka ja min kunne a kai ina ƙarama, ga shi a slide, har da hoton hamada a baya.

Sai aka haɗa mu da wata dattijuwa Ba'aborijiniya, Anti suke ce mata. Tana zaune a kicin ɗinta, kai duk furfura, ana jin kare na haushi a waje. Ta ba mu labarin mahaifiyarta. Tana yarinya aka zo da mota aka ɗauke ta, aka kai ta gidan mishan, aka hana ta yarenta. Har ta tsufa ta rasu ba ta ƙara ganin uwar da ta haife ta ba. A hankali take faɗa, ba kuka, kamar mai tsintar shinkafa.

Ban san lokacin da kaina ya sunkuya ba. Ba shawara na yi ba, ba kuma slide na tuna ba. Tsohuwa na ba da labarin rashin uwa, ina zan kai ido? Hannu a cinya, ido a kan tebur, har ta gama.

Aka ce a yi tambayoyi. Abokin takarata ya riga kowa ɗaga hannu. Ya kafe kyamara da ido, ya yaba mata ƙarfin hali, ya ce ta gaya masa abin da shugaba zai fara yi ranar Litinin da safe. Ta yi shiru. Bai jira ba, ya jero mata amsar da kansa, ya ce ko haka ne? Ta ce, "Mm." Manaja na ta gyaɗa kai.

Da aka zo kaina na ce, "Anti, sannu. Ya gida, ya yara? Ya haƙuri?" Da Turanci dai, yadda ya samu. Na ce mata ni Bahaushiya ce, iyayena daga wani ƙauye kusa da Zariya.

Ta matso da fuskarta kusa da kyamara. "Tsofaffinki na raye, 'yata?"

"Kakata ta wajen uwa tana nan."

"To ki riƙa kiranta, kin ji? Kar ki ce aiki."

Manaja ta duba agogo. "Lokaci na tafiya. Kina da tambaya?"

Na ce babu. Me zan tambayi matar nan? Na fita ina jin na yi abin da ya dace, har na saya wa kaina kofi mai tsada a titin Strand.

Sati na zagayowa manaja ta kira ni ƙaramin ɗakin gilashi. Ta fara da cewa tana ji da ni, nan na san an gama. Ta ce an ba abokin takarata kujerar, amma da ƙyar aka raba.

Na ce, "Me ya raba?"

"Gaskiya, ranar training kamar ba kya wurin. Duk wannan labari mai nauyi, kanki na ƙasa. Na ɗauka waya kike dannawa."

"Wayata na cikin jaka."

"To, haka dai ya yi kama. Kuma ba ki yi tambaya ba. Shugaba sai yana kallon mutane."

Na ce, "A training ɗin nan fa, da safiyar ranar, aka koya mana cewa kallon babba cikin ido rashin kunya ne. Na ga kin rubuta."

"Eh, a al'adarsu. Abin burgewa ne ƙwarai." Ta yi murmushi. "Amma ke ai ba Aborijin ba ce."

"Mu ma haka muke."

"Da gaske? Kai! Lallai sai kin ba mu labarin wannan a ranar al'adu."

Wallahi ba da mugunta ta faɗa ba, shi ya fi min ciwo. Da zagina ta yi da na san inda zan kai ƙara. Girmama al'adar wanda ke can bangon duniya ba wuya, ba ya neman kujera a hawa na huɗu. Ita ma Anti ban ga abin da ta samu ba. Hanyar da muke zanawa a watan ta bi ta inda aka tsara tun farko, babu wanda ya matsar da layi ko da taku ɗaya. Sabon team lead dai yana buɗe kowane taro da karanta gaisuwa ga masu ƙasa na asali, a Aldwych, bas na ta wucewa a ƙasa.

Ban ajiye aiki ba, ina zan je? Sai na koyi kallo. A jirgin ƙasa nake gwadawa, in kafe mutum da ido har ya kau da kai. Manaja ta fara cewa na canja, wai ta ga alamun shugabanci, mu ga baɗi.

Wata ranar Lahadi goggona, yayar babana da nake zaune a gidanta a Barking, ta tare ni a falo tana min faɗa kan dawowa a makare. Ina tsaye a bakin ƙofa ina saurare. Can sai ta katse maganarta.

"Ke! Wa kike wa wannan kallon?"

"Wane kallo, Goggo?"

"Ni kike tsarewa da ido kamar sa'arki? A ina kika koyo?"

Na yi maza zan sunkuyar da kai, sai na ji wuyana ya ƙi, sai da na yi da gangan. Na ce mata a ofis.

Ta ce, "To, sun ba ki kujerar?"

Na ce a'a.